Matsayin Mashawarci da Mai Horar da Shugabanni a Kamfanonin Fasaha na Amurka

Gabatarwa

Hausawa sun ce, shawara ɗaukar ɗaki. Watau al'amari in ya yi nauyi mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi, kamar dai yadda jinka ba ta ɗaukuwa sai an tara hannuwa. A ƙasar Amurka ba da shawara ga 'yan kasuwa ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda ake kafa kamfanoni dominta, ake kuma biyan maƙudan kuɗi a kanta. Wannan maƙala za ta dubi rassa biyu na wannan sana'a kamar yadda suke gudana a kamfanonin fasaha, watau masu ƙera kwamfuta da wayar salula da manhaja, musamman na yankin nan da ake kira Kwarin Silikon, wanda yake kudu da birnin San Francisco a jihar Kalifoniya. Reshe na farko shi ne ba da shawara a kan tsarin haja, na biyu kuwa shi ne horar da shugabanni.

Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, cutar da ta fi kayar da irin waɗannan kamfanoni ita ce wuyar rabuwa da hajar da ta ɗaukaka su, ko da kuwa zamaninta ya wuce. Mashawarci yana taimaka wa kamfani ya ga inda kasuwa ta nufa. Mai horarwa kuma yana taimaka wa shugaba ya sami ƙarfin zuciyar aikata abin da ya gani. In ɗaya ya samu babu ɗaya, to aiki bai kammala ba.

Ma'anar Tsarin Haja

Haja a nan ita ce duk abin da kamfani ya ƙera ya kai kasuwa, ko na'ura ce da ake riƙewa a hannu, ko kuwa manhaja ce da ba a ganin jikinta. Tsarin haja kuwa shi ne amsar da kamfani ya bayar ga tambayoyi huɗu. Wa za a ƙera wa abin? Wace bukata tasa zai biya? Me zai sa ya zaɓi wannan ya bar na abokin gasa? Sa'an nan, me kamfanin zai haƙura da shi domin ya tattara ƙarfinsa wuri ɗaya? Tambaya ta huɗun nan ita ce mafi ɗaci, domin kuwa kowace haja tana da ma'aikatan da suka yi shekaru a kanta, da manajan da matsayinsa ya dogara da ita.

Dalilin da ya sa tambayoyin suka fi tsanani a kamfanonin fasaha shi ne saurin tsufan hajarsu. Mai sayar da hatsi ko goro yana iya yin shekara hamsin a kan kaya iri ɗaya. Mai ƙera kwamfuta kuwa ba shi da wannan hutu. A shekarar 1965 Gordon Moore ya lura cewa yawan ƙananan sassan lantarki da ake iya cusawa cikin ƙwayar silikon guda ɗaya yana ninkawa kowace shekara, daga baya a 1975 ya gyara hasashensa zuwa kowace shekara biyu. Ke nan abin da yake abin mamaki bana, nan da 'yan shekaru zai zama tsohon yayi mai arha.

Asalin Sana'ar

A shekarar 1926 ne James McKinsey ya kafa kamfanin ba da shawara mai ɗauke da sunansa a birnin Chicago. Sai dai wanda ya mai da tsarin gasa a kasuwa fanni mai ƙa'idoji shi ne Bruce Henderson, wanda ya kafa Boston Consulting Group a 1963. A cikin shekarun 1960 kamfanin Henderson ya yaɗa ra'ayin cewa duk lokacin da jimlar abin da masana'anta ta taɓa ƙerawa ta ninka, kuɗin ƙera guda ɗaya yakan ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, saboda gwaninta tana ƙaruwa da yawan yi. Darasin da aka ciro daga nan shi ne, wanda ya riga kowa mamaye kasuwa shi zai fi kowa arha.

A 1970 kuma kamfanin ya fito da wani jadawali mai gida huɗu, wanda ake raba hajojin kamfani a cikinsa bisa ma'auni biyu, watau saurin bunƙasar kasuwar hajar da kuma girman kason da kamfanin yake da shi a cikinta. Hajar da take kan gaba a kasuwa mai bunƙasa ita ce tauraro. Wadda take kan gaba a kasuwar da ta daina girma ita ce saniyar tatsa. Wadda take baya a kasuwa mai bunƙasa ita ce alamar tambaya. Wadda kuwa take baya a kasuwar da ta tsaya cik, ita aka laƙaba wa suna kare. Shawarar ita ce a tatsi saniya a ciyar da tauraro da kuma alamar tambayar da ake sa wa rai, sa'an nan a sallami kare. A 1973 Bill Bain ya fice daga kamfanin ya kafa nasa, Bain, sana'ar ta ƙara faɗi.

Irin wannan jadawali ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu hajoji barkatai da aka riga aka san kasuwarsu. Kamfanin fasaha kuwa sau da yawa yana ƙera abin da ba a taɓa gani ba, balle a auna kasuwarsa. Saboda haka aka sami wani rukuni na mashawarta waɗanda su kansu tsofaffin ma'aikatan fasaha ne. Alal misali akwai Marty Cagan, wanda ya yi aiki a Hewlett-Packard da Netscape da eBay kafin ya kafa Silicon Valley Product Group. Koyarwarsa ita ce, kafin a ɓata kuɗi da lokaci wajen ƙera wani abu, a fara gwada haɗura huɗu da samfuri mai arha: ko mutane za su so shi, ko za su iya sarrafa shi, ko injiniyoyi za su iya ƙera shi, da kuma ko zai dace da hanyar samun kuɗin kamfanin.

Darasin Kamfanin Intel

Babu misalin da ya fi fito da wuyar rabuwa da tsohuwar haja kamar na kamfanin Intel, wanda Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a 1968. Kamfanin ya yi suna ne da ƙera ƙwayar ajiya, watau ƙwayar silikon da kwamfuta take riƙe bayanai a cikinta. A 1971 ya fitar da wata hajar dabam, ƙwayar lissafi, wadda ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a 1981 kamfanin IBM ya zaɓi ƙwayar lissafin Intel ya sa a cikin ƙaramar kwamfutarsa. Duk da haka shugabannin Intel sun ci gaba da ɗaukar kansu a matsayin masu ƙera ƙwayar ajiya.

A farkon shekarun 1980 kamfanonin Japan irin su NEC da Hitachi da Toshiba suka cika kasuwa da ƙwayar ajiya mai inganci da arha. Intel ya shiga asara, aka yi ta taro ana muhawara ba tare da an yanke komai ba. Andrew Grove, wanda shi ne na biyu a shugabancin kamfanin a lokacin, ya ba da labarin yadda wata rana a 1985 ya tambayi Moore abin da sabon shugaba zai yi in da za a kore su a kawo wani daga waje. Moore ya amsa masa nan take cewa baƙon zai fitar da kamfanin daga harkar ƙwayar ajiya. Sai Grove ya kawo shawarar su ɗauka an kore su ɗin, su fita ta ƙofa su dawo, su aikata abin da baƙon zai aikata.

Mai karatu zai lura cewa amsar tana bakinsu tun da daɗewa. Hasali ma, ƙananan manajojin masana'antun kamfanin sun riga sun karkatar da yawancin aiki zuwa ƙwayar lissafi, don ita ta fi kawo riba. Abin da ya rage wa shugabannin shi ne idon baƙo, wanda ba shi da tarihi da tsohuwar hajar, ba shi kuma da kunyar kowa. Matakin bai zo da sauƙi ba. An rufe masana'antu, dubban ma'aikata sun rasa aikinsu, kuma a 1986 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 170. Amma zuwa 1992 Intel ya zama kamfani mafi girma a duniya a fannin ƙwayoyin silikon. Wannan idon baƙo da Grove da Moore suka ara na ɗan lokaci, shi ne ainihin abin da mashawarci yake sayarwa.

Kamfanin Kodak ya nuna abin da yake faruwa in aka rasa wannan ido. Injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, marar bukatar fim, a 1975, amma ribar sayar da fim ta yi wa kamfanin daɗi ƙwarai, har ya yi jinkirin rungumar abin da zai kashe ta. A watan Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki.

Yadda Shawara Tagari Take Aiki

Bayan shekara goma sha biyu da wancan mataki, Grove, wanda a lokacin ya zama babban shugaban Intel, ya gayyaci Clayton Christensen, malami a sashen nazarin kasuwanci na Jami'ar Harvard, wanda shi ma ya taɓa aiki a Boston Consulting Group. A 1997 ne Christensen ya wallafa littafinsa The Innovator's Dilemma, inda ya yi bayanin yadda manyan kamfanoni suke faɗuwa a hannun ƙanana masu shigowa da haja mai arha wadda manyan suka raina.

Kamar yadda Christensen da kansa ya sha bayarwa, Grove ya ba shi 'yan mintoci ne kawai, ya nemi ya faɗa masa abin da Intel zai yi. Christensen ya ƙi ba da amsa kai tsaye, sai ya ba shi labarin masana'antun ƙarfe na Amurka. Ƙananan masana'antu masu narka tsofaffin ƙarafa sun fara ne da yin rodin gini, wanda shi ne mafi ƙarancin riba. Manyan masana'antu suka bar musu shi da murna. Daga nan ƙananan suka yi ta hawa mataki mataki, har suka kai ga ƙarfe mafi daraja, suka durƙusar da manyan. Da jin haka Grove ya gane da kansa cewa kwamfuta mai arha ita ce rodin Intel, inda kamfanonin AMD da Cyrix suka fara kutsowa. A 1998 Intel ya fitar da ƙwayar lissafi mai arha mai suna Celeron domin ya toshe wannan kafa.

Hikimar da take cikin wannan ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Grove ya fi malamin sanin harkar silikon nesa ba kusa ba, da kuma an yi masa umurni da wataƙila ya yi gardama. Da yake an ba shi ma'auni ne ya auna da hannunsa, sai hukuncin ya zama nasa, ya kuma tsaya a kansa.

Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Misali na uku shi ne kamfanin Apple. Lokacin da Steve Jobs ya koma shugabancinsa a 1997, bayan shekara goma sha biyu da barinsa, ya tarar da kamfanin yana ƙera kwamfutoci iri iri masu kama da juna, har masu saye ba su iya bambance su. A shekarar kuɗi ta 1997 asarar kamfanin ta zarce dala biliyan 1. Jobs ya zana jadawali mai gida huɗu: kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka, kowace ɗaya ta talakawan masu saye, ɗaya ta ƙwararru. Duk abin da bai shiga gidajen nan ba aka soke shi, har da ƙaramar na'urar hannu ta Newton, wadda aka dakatar a farkon 1998. A wannan shekara aka fitar da iMac, kamfanin kuma ya ci ribar dala miliyan 309. Daga cikin waɗanda Jobs ya jawo cikin hukumar daraktocin Apple a 1997 akwai wani mutum mai suna Bill Campbell, wanda tarihinsa shi ne mafi kyawun mashiga ga reshe na biyu na wannan sana'a.

Horar da Shugabanni

Horar da shugabanni ya samo sunansa da salonsa ne daga filin wasa, inda koci yake tsayawa a gefe yana gyara wa ɗan wasa kuskuren da shi ba ya gani. Sana'ar ta bunƙasa har aka kafa mata ƙungiyar duniya a 1995. Bukatarta ta fi yawa a kamfanonin fasaha saboda yawancin masu kafa su injiniyoyi ne matasa. Mutum yakan fara da abokai uku a cikin ɗaki ɗaya, kafin shekara biyar ya ga yana shugabantar dubban mutane, alhali bai taɓa koyon yadda ake sasanta manyan ma'aikata biyu masu gaba da juna ba, ko yadda ake sallamar aboki. Daɗin daɗawa, shugaba ba shi da abokin sirri a cikin kamfani, domin na ƙasa da shi suna neman ƙarin girma a wurinsa, daraktoci kuma su ne masu ikon tuɓe shi.

An haifi Campbell a 1940 a garin Homestead na jihar Pennsylvania. Daga 1974 zuwa 1979 shi ne kocin ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga, a Jami'ar Columbia, inda ƙungiyarsa ta ci wasa 12, ta sha kashi a 41, ta yi kunnen doki a ɗaya. Da ya bar wasa ya shiga harkar talla, ya yi aiki a Kodak, sa'an nan ya koma Apple a 1983. Daga 1994 zuwa 1998 ya shugabanci kamfanin manhajar lissafin kuɗi na Intuit. Bayan nan ya duƙufa ga horar da shugabanni, mafi yawa ba tare da karɓar ko kwabo ba. Shi da Jobs sun kasance suna fita tattaki ranar Lahadi suna tattauna al'amuran kamfani da na rayuwa.

A 2001 aka ɗauko Eric Schmidt ya shugabanci Google tare da matasan da suka kafa shi, Larry Page da Sergey Brin. John Doerr, ɗaya daga cikin masu zuba jari a kamfanin, ya ba Schmidt shawarar ya nemi Campbell. Da farko Schmidt ya ga shi da ya riga ya gogu bai bukaci koci ba, daga baya ya zama babban mai yaba wa aikin, har shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta littafi a kan Campbell a 2019. Daga abin da suka bayyana ana iya fahimtar hanyar mutumin. Ba ya karɓar almajiri sai ya ga alamar gaskiya da tawali'u a tare da shi. Yakan zauna a taron manyan ma'aikata yana sauraro, bayan an tashi ya bi waɗanda ya ga ransu ya ɓaci ɗaya bayan ɗaya. Yana son a saurari kowa kafin a yanke hukunci, amma in muhawara ta ƙi ƙarewa, to wajibi ne shugaba ya yanke, kowa ya bi.

Abubuwa biyu sun nuna tasirinsa a Google. A 2001 Page ya soke muƙaman manajojin da suke kula da injiniyoyi, yana ganin cikas kawai suke kawowa. Campbell bai tsaya ga musu ba, sai ya sa aka tambayi injiniyoyin da kansu, suka ce suna son manajan da za su koya daga gare shi, wanda kuma zai raba gardama. Daga baya aka maido da manajojin. Haka kuma a 2004, gab da fara sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a, aka nemi Schmidt ya sauka daga kujerar shugaban hukumar daraktoci. Ransa ya ɓaci har ya yi niyyar barin aiki gaba ɗaya. Campbell ne ya nuna masa cewa girman kai ne yake magana, kuma kamfanin yana bukatarsa. Schmidt ya zauna, ya ci gaba da zama babban shugaba har 2011. Campbell ya rasu a watan Afrilun 2016.

Iyaka da Haɗari

Sana'ar nan tana da nata illoli. Na farko, mashawarci ba ya ɗaukar asarar shawararsa. In ta ɓaci, ma'aikata da masu jari ne suke kwana a ciki, shi kuwa ya riga ya karɓi ladansa. Na biyu, wani shugaban yakan ɗauko mashawarci ne domin ya sa wa hukuncin da ya riga ya yanke hatimi, musamman in za a rage ma'aikata, don ya sami wanda zai jingina wa laifi. Na uku, wanda yake jin sirrin gidaje da yawa yana iya samun kansa a tsaka mai wuya. Campbell yana cikin hukumar daraktocin Apple daga 1997 zuwa 2014, yana kuma horar da shugabannin Google, alhali tun daga fitowar iPhone a 2007 da wayar farko mai manhajar Android a 2008 kamfanonin biyu suka zama abokan gaba a kasuwa.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. An gano cewa wasu manyan kamfanonin Kwarin Silikon sun ƙulla yarjejeniya a asirce cewa ba za su riƙa zawarcin ma'aikatan juna ba, abin da yake iya danne albashin ma'aikata. Takardun da aka gabatar a kotu sun nuna hannun Campbell wajen shiga tsakanin wasu daga cikin shugabannin. A 2015 Apple da Google da Intel da Adobe suka amince su biya ma'aikatan da suka kai ƙara dala miliyan 415. Wannan ya nuna cewa kusancin da yake amfanar shugabanni yana iya cutar da na ƙasa da su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa tsarin haja ya ƙunshi zaɓen abin da za a ƙera da kuma haƙura da abin da za a bari, kuma barin ne ya fi wuya. Intel ya tsira a 1985 domin shugabanninsa sun ari idon baƙo, Apple ya farfaɗo a 1998 bayan ya rage kayansa zuwa huɗu, Kodak kuwa ya riƙe saniyar tatsarsa har nonon ya ƙafe. An kuma ga cewa mashawarci nagari, irin Christensen, ma'auni yake bayarwa ya bar wa mai ɗaki awo, mai horarwa nagari kuma, irin Campbell, yana aiki ne a kan halin shugaba da zaman lafiyar waɗanda suke kewaye da shi. Matsayinsu duka biyu ya yi kama da na waziri a fada: yana faɗa wa sarki gaskiya a keɓe, amma hukunci da alhakinsa suna wuyan mai rawani. Saboda haka kamfanin da zai amfana da su shi ne wanda shugabansa yake iya sauraron abin da ba ya son ji, sa'an nan ya ɗauki nauyin abin da ya yanke.